Wasiƙa daga Sevilla: yadda muka nemo mai jita don bikin aure

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Kin tambaye ni yadda bikin 'yar Alhaji ya kasance, da kuma ko gaskiya ne abin da kika ji, wai mutum ɗaya ne ya yi kiɗan da jita, ba ganga ba kalangu. Gaskiya ne. Ni aka ɗora wa nemo makaɗin, da yake aikina a gidan da ake haya don bukukuwa ne, a bayan garin Sevilla na ƙasar Sifaniya, inda nake jera kujeru da jan wayoyin lasifika. Kusan kowace Asabar kunnena a cikin wannan kiɗa yake, don haka bari in warware miki zare da abawa.

Ɗaurin auren a masallaci aka yi, ba kiɗa ko kaɗan. Dokar Sifaniya ta amince da auren Musulunci tun yarjejeniyar 1992, muddin an cika takardu an kai rajista. Sai dai angon ɗan Andalus ne da ya musulunta, dangin mahaifiyarsa mutanen garin Jerez ne, kuma a wurinsu ba a cewa an yi biki in ba a ji flamenko ba, wato kiɗa da waƙar gargajiyar Andalus. Shi ya sa aka shirya taro na biyu a lambu, inda amarya za ta shigo, a yi jawabai, a sa hannu a littafin tunawa, a ci abinci. Kiɗan wannan taron aka ce in nemo.

Kada ki kawo jitar Agadez a ranki, wadda ake jona wa lantarki. Wannan katako ce zalla, mai tsirkiya shida na roba, ba ta da nauyi. Bayanta da gefunanta na wani itace ne fari-fari mai ƙamshi da suke kira ciprés. Wani masassaƙi ɗan Almería, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, shi ya daidaita siffar da ake bi har yau. Ta flamenko ta bambanta da 'yar'uwarta ta kiɗan boko: tsirkiyoyinta sun fi kwanciya kusa da wuya, sautinta busasshe ne mai kaifi, kuma an manna mata siririyar roba a fuska domin makaɗin yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa yana cikin kiɗa. Wanda muka ɗauka ya nuna min tasa. Robar duk ta goge, ta yi dishi-dishi daidai inda yatsansa yake sauka. Faratan hannunsa na dama dogaye ne, an goge su sumul, ɗaya ya tsage ya like shi da gam, na hagu kuwa a yanke ƙurmus. Ya ce in farce ya karye ana gobe biki, ranar ba ya barci.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne zaɓen salo. Flamenko ba kiɗa ɗaya ba ne, iri-iri ne, suna kiran kowane iri palo, kuma kowanne da garinsa da muhallinsa. Yadda ba za ki kira masu kiɗan dambe ranar kai amarya ba, haka nan ma akwai abin da ba a kawowa wurin aure. Seguiriya, alal misali, tana da daɗi ƙwarai, amma ta mutuwa ce da kurkuku da rashin uwa. Taranta ita ma salo ce, daga ramukan ma'adinai na Almería ta fito, kukan mahaƙa ne. Baƙo zai ji su ya ce sun yi sanyi, sun dace da shigowar amarya, amma tsofaffin Jerez da ke zaune a sahun gaba sun san abin da kiɗan ke faɗa ko da ba a rera kalma ɗaya ba. Akwai kuma petenera, wadda da yawa daga ƙabilar Gitano, mutanen da suka yi fice a wannan kiɗa, suke camfa ta, suna cewa tana jawo tsautsayi. Mu ba mu yarda da camfi ba, amma ba a ɓata wa surukai rai a kan abin da za a iya bari.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce alboreá. Waƙar aure ce ta gaske, amma ta Gitano ce, ana rera ta a bikinsu lokacin da aka ɗaga amarya da ango a kafaɗa, ana watsa musu alewar almon, maza suna yage rigunansu don murna. A al'adarsu ba a yin ta a wajen wannan muhalli. Ƙanwar angon ta so a saka ta, makaɗin ya ƙi cikin ladabi, ya ce ba tasa ba ce balle ya sayar. Tun daga nan na ji ya kwanta min a rai.

To me aka zaɓa? Don shigowar amarya ya ba da shawarar granaína, salon Granada, kuma dalilinsa na mai sana'a ne. Yawancin flamenko a ɗaure yake da ƙidaya. Soleá da alegrías da bulerías duk bugu 12 suke zagayawa, ana danna na 3, na 6, na 8, na 10 da na 12, kuma in an shiga zagaye sai an kai ƙarshensa, in ba haka ba duk mai kunne zai ji an yi tuntuɓe. Granaína kuwa sakakkiya ce, ba ta da wannan ƙidaya. Amarya ba ta tafiya da agogo. Mayafi zai iya maƙalewa, mahaifinta zai iya tsayawa ya gaisa da wani. Da sakakken kiɗa makaɗin yana kallon ƙafarta, ya ja in ta yi jinkiri, ya naɗe in ta iso. Ranar kuwa haka aka yi. Alhaji ya riƙo hannunta suna tahowa a hankali, ta tsaya ta rungumi kakar angon da ke kan keken guragu, shi kuwa ya ci gaba da wannan karkarwar tsirkiya ɗaya da suke yi da yatsu huɗu, idonsa a kansu, bai sauke ba sai da ta zauna.

Mahaifin angon ya so rondeña, wadda wani shahararren mai jita na dā, Ramón Montoya, ya fito da ita a matsayin kiɗan jita ita kaɗai. Matsalarta sai an sassauta tsirkiya biyu an sake musu murya, kuma ba a son makaɗi yana murɗe-murɗe ana tsakiyar jawabi. Sai aka kai ta farko, lokacin da baƙi ke neman wurin zama. Wajen sa hannu aka yi guajira, mai zaƙi, wadda ta samo asali daga zirga-zirgar jiragen ruwa tsakanin Andalus da Kyuba. Da aka tashi fita ana watsa shinkafa sai ya saki alegrías ta Cádiz, nan dangin ango suka kama tafi, matanmu suka rangaɗa guɗa, abin ya haɗu kamar an shirya.

Lokacin cin abinci rumba da sevillanas ake yi, masu sauƙi. Kusan kowane biki sai an roƙi rumbar nan da fitaccen mai jita Paco de Lucía ya fitar a 1973. Shi ne kuma ya shigo da akwatin nan na Peru da ake zama a kai ana bugawa, cajón, wanda yanzu ba a raba shi da flamenko.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita kike jira. Waɗanda na tuntuɓa sun nemi tsakanin Yuro 200 da 400 don mai jita shi kaɗai, na taron shigowa da zaman da ke biye. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, kin ga jika 131 zuwa 262 ke nan. In an ƙara mawaƙi da mai akwati kuɗin ya kan ninka ko ya fi. Mun daidaita a kan 300. Komai a rubuce: ƙarfe nawa zai iso, minti nawa zai yi, wa zai kawo lasifika, kuɗin mai in wurin da nisa, da abin da zai faru in an ɗaga biki. Ana ba da kafin alƙalami, a cika sauran ranar, a karɓi rasit da haraji a ciki. Shi ma ya kafa nasa sharuɗɗan: kujera marar hannu, da inuwa, domin zafin Sevilla yakan wuce digiri 40 a bazara, kuma rana tana sauya muryar tsirkiya, tana iya tsaga katako. Gidan bikin shi ma yana biyan ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa, SGAE, kuɗin kiɗan da aka yi a harabarsa. Mai son Asabar a watan Mayu, Yuni ko Satumba sai ya kama makaɗi tun da watanni.

Ba duk mai tallar kansa a intanet ne ɗan flamenko ba. Da yawa waƙoƙin rediyo suke juyawa da ɗan kaɗe-kaɗen rumba, kuma bidiyo ana gyara shi. Wani dattijo da muke aiki tare ya koya min gwajin: ka je da ƙafarka, ka ce ya kaɗa maka soleá, ka sa wanda ya iya tafi ya bi shi. In ƙidayarsa na zamewa, nan take za a gane.

Akwai abin da kuɗin nan bai saya ba, kuma na ji rashinsa har cikin raina. Mai jitar bai san Alhaji ba. Bai san sunan kakansa ba, bai san unguwarsu a Damagaram ba, babu kirari, babu wanda ya tsaya ya jero asalin amarya har mahaifiyarta ta yi hawaye. Makaɗinmu na gida tarihin zuri'a yake ɗauke da shi a ka, kuma wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Nan ba a liƙi. Wata gwaggon amarya da ta zo daga Faransa ta tashi ta manna masa takardar Yuro a goshi, ya ɗago a firgice amma hannunsa bai tsaya ba. Da aka yi masa bayani bayan taro, ya dafa ƙirji ya yi mata godiya.

Amma abin da ya tsaya min a zuciya shi ne darajar da sana'ar take da ita. UNESCO ta saka flamenko cikin al'adun gado na duniya a 2010. A Córdoba ana yin digiri a kan wannan jita. Sevilla tana da babban bikin flamenko duk shekara biyu tun 1980, kuma a 2023 majalisar Andalus ta yi wa kiɗan doka ta musamman, har da koyar da shi a makarantu. Ba wai makaɗan sun yi arziki ba ne, yawancinsu da bukukuwa da wasan 'yan yawon buɗe ido suke ci da iyali, kuma nan ma in dare ya yi mai faifai, wato DJ, ne ke karɓe fili. Sai dai an zaunar da makaɗi a gaba, an sa kunne, an biya shi abin da aka yi alkawari. Namu kuwa, mai kalangu da mai gurmi sukan yini a ƙofar gida cikin rana ba su san abin da za su koma da shi ba, yaransu na gani suna gudun gadon.

Saboda haka ga roƙona game da bikin autarki bayan Babbar Sallah. Ki ɗauki mai faifan da 'yan mata ke so, ban hana ba, amma ranar kamu da ranar kai amarya ki kira tsofaffin masu kalangun unguwarmu. Ki yanka musu kuɗi tun kafin ranar, ban da abin da za a liƙa musu, a shimfiɗa musu tabarma a inuwar zaure, a kai musu abinci da wuri. Kuɗin nasu ni zan biya, zan turo ƙarshen wata. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin gwiwar yana hanya.