Aikin ƙabar Baba: abin da na gani a asibitin

Baba yana da shekara 79, kuma ƙabar da ke matsematsinsa ta yi shekara huɗu tana damunsa kafin ya yarda a taɓa shi. Wani asibitin kuɗi muka kai shi nan cikin garin Sakkwato, ba nisa da Mabera. Ni na zata ranar da muka je za a sa mana ranar tiyata mu biya mu tafi.

Likitan bai ko fara duba ƙabar ba. Kujera ya jawo ya ce, "Baba, ku tashi ba tare da kun dafa ba, ku taka zuwa bakin ƙofa ku dawo." Mita 3 ce tazarar, yana duba agogo. Baba sai da ya dafa gwiwa sau biyu kafin ya miƙe. Likita ya sa shi ya matse masa hannu, ya tambayi wa ke yi masa wanka, ko wandonsa ya yi masa yawa kwanan nan. Ya ce akwai ma'aunin raunin tsufa mai hawa 9 da aka fito da shi a Kanada, kuma shi ne ke nuna ko jiki zai ɗauki aiki, ba shekaru kaɗai ba.

Sannan ya tambayi Baba me yake so aikin ya yi masa. Baba ya ce, "Ni dai in tahi masallaci da ƙahata, in yi sujada ba zahi." Likita ya rubuta wannan a saman katin, na gani da idona.

Aka ɗage aikin mako uku saboda jininsa ya yi ƙasa. Raina ya ɓaci, na ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Ashe kuɗin dunƙule ne, tun daga gwaji har zuwa dawowa a duba ɗinki, ɗagewar ba ta ƙara mana ko sisi ba. Aka ba shi maganin ƙarin jini, aka ce ƙwai, wake da nono kullum, da tattaki bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Ledar magungunansa ma sai da aka zazzage a tebur, aka cire biyu.

Ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi aka yi masa a wurin. Likita ya ce tsofaffi kan ruɗe bayan tiyata, su kasa gane 'ya'yansu, don haka a bar masa tabarau da carbinsa, Inna ta zauna kusa da shi. Washegari da hantsi aka tashe shi ya taka a baranda.

Inda suka gaza shi ne dare. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ga ɗakuna shida, wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba sai bayan kusan awa ɗaya, ga zafin Afrilu. Da mafici na kwana ina yi wa Baba fifita. Sun kuma ce za su kira mu a waya bayan sallama, sai ni na kira su.

Duk da haka, mai tsoho a gida zan ce ya je, amma ya tafi da fanka mai caji. Ranar da muka koma duba ɗinki, tambayar farko da likita ya yi ita ce ko Baba ya fara zuwa masallaci. Ya fara, azahar da la'asar. Asuba Inna ta hana tukuna.