Brother PE800: ƙaramin keken surfani mai kwamfuta a shagon telan Zango

A unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na birnin Kumasi a Ghana, duk telan da ya daɗe a sana'a ya ga yadda aikin wuyan riga ya sauya hannu. Da can mai keken surfani ne ke juya yadi yana fitar da zane daga kansa. Yanzu kaftani kan iso Kumasi an riga an yi masa aikin kwamfuta, masu jari kuma sun girke manyan injuna masu kawuna da yawa, suna fitar da wuya huɗu ko shida a zama ɗaya. Ƙaramin tela da ba ya so a bar shi a baya yakan fara da cigiyar ƙaramin keke, kuma cikin waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka akwai Brother PE800.

Keke ne na surfani zalla, ba ya haɗa riga, ba ya dajiya. Allurarsa ɗaya. Filin da yake iya ɗinkewa a ɗauri guda santimita 13 ne a 18, iyakar gudunsa kuma suka 650 a minti. Yana da ɗan allo mai launi da ake taɓawa da yatsa, da kafar sa filash a gefe, yana kuma karanta fayil ɗin zanen surfani irin PES da DST. Yana zura zare a allura da kansa, yana yanke shi in launi ya ƙare.

Kafin a yi maganar ɗinki, a yi ta wuta, don nan ne ake asarar keke tun ranar farko. Wanda aka yi don kasuwar Amurka wutar 120 yake sha, ta Ghana kuwa 230 ce. Ka cusa shi a bango kai tsaye, allon wutarsa ya ƙone nan take. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma tunda keken ba ya cin wuta sosai, mai ƙarfin wat 300 ya ishe shi har da rara. A duba takardar da ke manne a jikinsa kafin a jona komai. Wanda ke da ɗan'uwa a Ingila gara ya nemi Innov-is F440E, kusan keke ɗaya ne, amma shi wutarmu yake sha. Batun dumso kuma, wato yawan ɗauke wuta, keken yana da hali mai kyau guda: in aka ɗauke wuta yana tsakar aiki, yakan tuna launi da sukar da ya tsaya a kai. In wuta ta dawo, kada a taɓa firam ɗin da aka ɗaure yadi a ciki, a mayar da keken baya kamar suka goma domin sabon ɗinki ya hau kan tsohon. Duk da haka ƙaramin UPS irin na kwamfuta, wato akwatin batir mai riƙe wuta, ya cancanci kuɗinsa, saboda hawa da saukar wuta sun fi ɗaukewarta ɓarna.

Inda ya yi fice shi ne ƙananan ayyuka masu tsafta: suna a aljihun riga, bajon makaranta, tambarin shago a rigar aikin makanikan Suame Magazine, sunan jariri a tawul ranar suna, ɗan fure a kusurwar mayafi. In an ɗaure yadi daidai, ɗinkinsa sumul yake fita, gefen haruffa a tsaye, babu wanda zai ce ba daga babban inji ya fito ba.

Sai dai allura ɗaya na nufin kai ne mai canza zare. A ce bajo ne mai suka 10,000 da launi biyar. A lissafi minti 15 ne da ɗoriya, amma keken kan rage gudu a wurin suka mai faɗi, za ka tsaya sau huɗu ka zare ka zura, ga ɗaurin firam, ga bin aiki da ƙaramin almakashi, domin PE800 ba ya yanke zaren da ke tsallakawa daga harafi zuwa harafi, sai ƙanensa PE900 ne aka ƙara wa wannan. A taƙaice ka ware minti 25. Makarantar da ta ba ka bajo 200 ta cinye maka sama da awa 80, wato kwana goma cur na aikin awa takwas. Duk wanda ya karɓi irin wannan kwangila mako biyu kafin a koma makaranta, da kunya zai ƙare.

Firam ɗin ma yana da iyaka. Aikin gaban kaftani yakan zarce santimita 30, babbar riga kuwa ba a ma magana. Akwai dogon firam na 13 a 30 da ake saya daban, amma keken ba ya ɗinke shi gaba ɗaya. Sai an raba zanen gida-gida a kwamfuta, a ɗinka na farko, a matsar da firam, a ci gaba. Kuskuren milimita ɗaya a mahaɗa yana fitowa ƙarara a kan farar shadda, mai riga kuma nan idonsa zai fara sauka. Wanda burinsa wuyan rigunan Sallah ne, wannan ba kekensa ba ne.

Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa, in aka bi diddigi, laifin kayan aiki ne. Zaren sama mai lamba 40 yake so, na ƙasa kuma siriri ne mai lamba 90. In aka naɗa zaren ɗinki na yau da kullum a kwarkwaro, sai ya riƙa leƙowa sama yana ɓata launi. Kwarkwaron ma nasa ne na roba, mai tsayin milimita 11.5, kada a sa masa na ƙarfe na tsohon keke ko da ya shige. Allura 75/11 ce ga yawancin aiki, a koma 90/14 in yadin mai kauri ne. Ga rigar da za a riƙa wankewa da ruwan bilic, kamar ta 'yan makaranta, a yi amfani da zaren foliyesta, don na rayon ya fi sheƙi amma yana kodewa. Sai takardar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi. Mai yagewa ta dace da shadda da yadin da ba ya talewa. Rigar polo da duk abin da ke miƙewa sai mai yankewa da almakashi, in ba haka ba bajon zai tattare bayan wanki biyu. Tawul kuma ana ɗora masa mai narkewa a ruwa a sama, don kada gashinsa ya haɗiye haruffa. Shadda mai sabon bugu tana da santsi, tana zamewa, firam kuma yana barin mata sawu. Dabarar ita ce a ɗaure takardar ita kaɗai a firam, a manna shaddar a kai da gam na fesawa. In zare ya dunƙule a ƙasa, kusan kullum an zura na sama ne alhali ƙafar keke tana ƙasa, bai shiga mazauninsa ba. A ɗaga ƙafa a sake zurawa. Lokacin hunturu a riƙa buɗe gidan kwarkwaro ana share ƙura da ɗan buroshi, kuma kada a ɗiga masa mai, littafinsa ya hana.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Keken yana zuwa da zane 138 da salon rubutu 11 a cikinsa, kuma kusan duk ba namu ba ne: furanni da ƙawa irin ta matan gida a Amurka. Babu Larabci, babu ɓ da ɗ da ƙ, babu dagi, babu aska, babu ko ɗaya daga alamomin Adinkra da ake bugawa a Ntonso, nan kusa da mu. Duk wanda ya sayi irin keken nan yana da waɗannan 138 ɗin, zanen da ake turawa a WhatsApp kuwa kafin wata ya kama ya zaga kowane shago. Abin da ke raba mai keke da mai keke shi ne wa ya iya zana nasa, ya mayar da shi fayil.

Wannan ba aikin ɗaukar hoto a jefa wa manhaja ba ne. Manhajojin suna da maɓallin da ke juya hoto ya koma ɗinki da kansa, amma abin da yake fitarwa tarin suka ne marar kan gado, mai tsinka zare. Mai zanen kirki shi ke yanke shawarar inda allura za ta fara, da hanyar da za ta bi don kada ta yi ta tsalle, da launin da zai hau kan wani. Yana sa ɗinkin shimfiɗa a ƙasa kafin na sama. Yana barin tazarar kusan milimita 0.4 tsakanin suka da suka, don in ya matse fiye da haka yadi ya yi tauri allura ta karye. Ya san zare yana jan yadi ciki, sai ya ƙara wa faɗin layi kamar 0.2 ko 0.3 tun a zane. Ya san suka mai kwance in ta wuce milimita 7 tana saki tana maƙalewa, sai ya cike wurin da ƙananan suka. Ya san harafin da bai kai milimita 5 ba ba zai karantu ba, don haka zai gaya wa shugaban makaranta gaskiya cewa taken da ke zagaye da bajon sai an rage kalmominsa. Haka kuma ba a ɗauko fayil a ninka girmansa a allon keke, domin yawan sukar ba ya ƙaruwa, sai ɗinkin ya yi giɓi.

Cikin manhajojin wannan aiki, Ink/Stitch kyauta ce, tana hawa kan manhajar zane ta Inkscape, tana fitar da PES da DST, tsohuwar kwamfutar laftof ma tana ɗaukarta. Hatch da PE-Design sun fi sauƙin sarrafawa amma da tsada. Ayar Larabci ko sunan Islamiyya sai a rubuta a Inkscape, a mayar da rubutun zane, a bi shi harafi-harafi, a kuma nuna wa malami kafin allura ta taɓa yadi, don ɗigo ɗaya in ya ɓace ma'ana ta canza. Tsohon mai surfanin hannu yana da riba a nan fiye da yaron da kwamfuta kawai ya sani, saboda ya riga ya san yadda zare ke kwanciya da yadda aska ke zama a ƙirjin riga. Abin da ya rage masa koyon linzamin kwamfuta ne. Kuma fayil ɗin DST da aka gwada a wannan ƙaramin keke, shi ne dai babban inji mai kai shida ke karantawa. Ke nan mai zane yana iya sayar wa masu manyan injunan fayil, ko ya karɓi bajo 200 ɗin nan, ya fitar da samfuri a shagonsa, ya kai musu su buga, ribar zanen ta zauna a hannunsa. A ganina amfanin PE800 mafi girma ke nan: wurin gwaji ne da koyo, da ƙananan ayyukan da ke biyan kuɗin zare da wuta. A lissafa kuɗin zane daban da na ɗinki, a kuma faɗa wa mai kaya tun farko ko fayil ɗin zai zama nasa.

Wanda zai sayi na hannu ya je da filash ɗinsa, ƙarami, wanda aka tsara a FAT32, da fayil mai da'ira da layi a kewayenta. In layin bai hau daidai bakin da'irar ba alhali yadin a ɗaure yake tamau, hannun da ke jan firam ya yi sako-sako, gyaransa kuma ba na kowane mai gyaran keke ba ne. A shiga shafin saiti a duba jimillar sukar da keken ya taɓa yi, a cire gidan kwarkwaro a shafa shi da yatsa ko allura ta taɓa fasa shi, a tabbatar firam na 13 a 18 yana cikin kwalin kuma kusarsa tana ɗaurewa.