Katin netwok na Intel I210-T1 wajen tayar da kwamfuta daga nesa

Masu tambayar wane kati za su saka a kwamfutar da suke son kunnawa ba sai sun je gabanta ba, ni dai I210-T1 nake amfani da shi kuma gaskiya ya biya ni. Ɗan ƙaramin kati ne, yana shiga ramin PCIe x1 (ƙaramin ramin saka kati a cikin kwamfuta), kafar kebul ɗaya gare shi, gudunsa megabit 10, 100 ko 1000 (wato gigabit ɗaya) a daƙiƙa.

Wajen ful duples babu wata matsala, yana turawa yana karɓa a lokaci guda, ba irin zamanin hob (tsohuwar na'urar haɗa kwamfutoci) ba da sai wani ya yi shiru sannan wani ya yi magana, in suka haɗu saƙo ya yi karo a sake turawa. Tun 1997 da aka fito da ƙa'idar 802.3x aka wuce wannan wajen. Shawarata kawai ku bar shi a oto ya daidaita da suwic (na'urar da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a kanta) da kansa, don in ka tilasta ful a gefe ɗaya ɗayan kuma yana oto, wancan zai iya faɗawa haf duples (ba ya turawa da karɓa a lokaci guda), sai ka ga netwok na jan ƙafa kana ta zargin kati alhali saitinka ne. Kuma gigabit sai da wayoyi takwas ɗin kebul duka, in guda ta tsinke kar ka yi mamaki ka ga ya sauko 100.

Abin da ya fi burge ni shi ne Wake-on-LAN, wato tayar da kwamfuta ta netwok. Kwamfuta a kashe, fanka ba ta juyi, amma ka leƙa bayanta za ka ga ɗan fitilar kafar kebul na ci, saboda katin na shan 'yar wutar da fawa saflai ke bari ko an kashe. Yana nan yana jiran wani saƙo na musamman da ake kira majik faket, wato FF sau 6 sannan lambar MAC ɗinsa (lambar shaidar katin) sau 16, bayit 102 ke nan, dabarar da AMD da HP suka kawo tun 1995, yawanci ana turo ta ta UDP (wata hanyar tura saƙo a netwok) a fot 9. Yana ganinta sai kwamfuta ta tashi.

Sai dai fa dole ka kunna Wake-on-LAN ɗin a BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga tana fara tashi), in akwai saitin rage shan wuta na ErP ka kashe don shi ke yanke wutar gaba ɗaya. A Windows ka cire saitin Fast Startup, a Linux direban igb ne ke tuƙa shi, ka buga umarnin ethtool -s da sunan katin sannan wol g, ka kuma sa ya riƙa maimaita kansa duk but don saitin na iya gogewa. Daga wajen gida ta intanet kuwa sai ka bi ta VPN (keɓaɓɓiyar hanyar shiga netwok ɗin gida daga waje) ko rautar da ke iya turo faket ɗin, wannan ba aikin kati ba ne.

Inda ya gaza shi ne gigabit ɗaya ce iyakarsa, wanda ke da suwic mai gigabit 2.5 sai ya nemi wani katin.