Ƙyastun maƙeran Kurmi: ƙarfen ya yi, sauran sai a hankali

Na sayi ƙyastu wurin wani dattijon maƙeri a gefen Kasuwar Kurmi, Kano, a 'yar jakar fata, haɗe da dutsen ƙanƙara da dunƙulen audugar rimi. Kuɗinsa bai kai na kwanon masara ba.

Ƙarfen kam babu abin kushewa. Baba ya ce da tsohon magagari ya ƙera shi, kuma nan ne sirrin. Tartsatsin da kake gani ba daga dutse yake fita ba, ɓarɓashin ƙarfe ne kaifin ƙanƙara ke kankarowa, ya kama da wuta a iska. Shi ya sa sai ƙarfe mai tauri da aka yi wa horo da ruwa. Rodin gini, ko za ka kwana kana bugawa, ba abin da zai ba ka. An lanƙwasa shi kamar hannun kofi, yatsu uku na shiga daidai, dutse ba ya cin hannu.

Dutsen ne dai ƙarami, bakinsa kuma na saurin dakushewa, sai an fasa gefe an fito da sabon kaifi. Audugar rimin ma da damina ta sha danshi sai ta ƙi.

Abin da ya fi mini ita shi ne ƙonannen ƙyalle. Ka yayyanka tsohuwar atamfa ta auduga zalla, ka zuba a gwangwanin man takalmi, ka huda murfin da ƙusa, ka ɗora a garwashi. Idan hayaƙi ya daina fita ta hudar, ka sauke, amma kada ka buɗe sai ya huce, in ba haka ba ya cinye kansa. Yadin roba narkewa yake yi, kada ma ka fara. Ƙyallen zai fito baƙi ƙirin. Ka ɗora shi kan dutsen kusa da kaifi, ka danne da babban yatsa, ka ƙyasta. Tartsatsi ɗaya ya sauka sai ka ga jan ɗigo yana faɗaɗa. Ba ya yin harshen wuta, sai ka naɗe shi cikin busasshiyar ciyawa ko zaren rama ka yi ta hurawa.

Mafarauci ko makiyayi da ke kwana a daji, wannan nasa ne, tunda ba gas ɗin da zai ƙare. Uwargida mai sammakon dama kokon 'yan makaranta kuwa, a bar ta da ashanarta. In za ka saya, ka roƙi Baba ya ƙara maka dutse na biyu.