Bitil ɗin Baba: injin iska na 1600 ko injin ruwa na Subaru?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari gari ya waye don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce Volkswagen Bitil ce ta marigayi mahaifinka, mai injin 1300, ta shekara goma sha ɗaya a ajiye a bayan gida. Injin ya buga tun kafin a ajiye ta, giya kuma tana fita da kanta idan an sa lamba huɗu. Bakanike ɗaya ya ce ka nemo injin Bitil na 1600, wanda iska ke sanyaya shi, da giyabos irin nasa, ɗayan ya ce ka rabu da tsohon yayi, ka ɗora mata injin Subaru, wanda ruwa ke sanyaya shi, mai giya biyar. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Hanya ta farko ita na bi da tawa motar. Ta biyun kuma na ga yadda aka yi ta a gun wani abokina, tun ranar da aka sauke tsohon injinsa har ranar da motar ta taka kwalta. Zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa, amma ba zan ɓoye maka ba, ina da ɓangare.

Abin da ya sa ake haɗa sunan Subaru da Bitil shi ne ƙirar injin. Dukansu silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, gajeru masu faɗi, don haka na Subaru yana samun wurin zama a bayan Bitil fiye da yawancin injinan ruwa. Idan ƙarfi ake magana kuwa, babu haɗi. Injin 1300 ƙarfin doki 40 zuwa 44 yake bayarwa, 1600 yana ba da 50, shi kuwa EJ22 na Subaru, mai lita 2.2 wanda ya zo a Legacy ta farkon shekarun 1990, yana kaiwa wajen 130. Ka ɗora wannan a kan motar da nauyinta bai wuce kilo 800 da 'yan kai ba. Ranar da abokina ya fara taka totur a hanyar Zariya, sai da bayana ya manne da kushin. Yana tashi da bugu ɗaya da asuba, babu ruwansa da saitin kafireto, babu saitin bawul kowane 'yan watanni. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce maka injin Bitil ya kai shi nagarta son zuciya ne ya faɗa maka.

Sai dai sayen injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Noti huɗu kacal ke riƙe da injin Bitil a jikin giyabos. Ka cire wayoyi, tiyon mai da wayar totur, mutum biyu da jak za su sauke shi kafin azahar, kuma 1600 yana komawa daidai gurbin da 1300 ya fito. Ba ma lallai ka sayi wani injin ba. 1300 da 1600 kiranshaf ɗinsu tafiyarsa ɗaya ce, milimita 69. Bambancin a faɗin fistan yake, 77 da 85.5. Idan gangar jikin injin Baba ba ta tsage ba, mazaunin kiranshaf bai cinye ba, ana iya sa mata fistan da silinda na 1600, a sa kawunan 1600 ko a buɗe nata. Ka ga lambar injin da ke takardun motar ba ta canza ba ke nan. Abu ɗaya da za ka lura da shi idan ka sayo wani injin daban: tsohon fulaiwil na zamanin batir mai bolt 6 haƙora 109 gare shi, na bolt 12 kuma 130, don haka dole kik ya dace da shi.

A ɓangaren Subaru kuwa lissafin doguwa ne. Akwai farantin haɗi da fulaiwil na musamman, irin waɗanda kamfanin Kennedy na Amurka ya yi suna da su. Akwai rage zurfin kaskon baƙin mai, domin na asali yana saukowa ƙasa ƙwarai, kuma ka san tudun da ake yi a titunan unguwanninmu. Injin na injekta ne, yana son famfon mai mai matsi da tiyon da zai mayar da ragowar mai tanki. Sai wayoyi: za a zaro dukan damin wayar Subaru, a ware na inji daga na fitila da na gilashi, a haɗa su da ƙwaƙwalwar injin. Motar abokina wata uku ta yi a gun mai waya a kan wannan kaɗai. Sannan salansa sabuwa, da yanke ƙarfen bayan mota don injin ya shiga.

Maganar giya ita ce inda nake so ka nutsu, domin a nan mutane ke zubar da kuɗi. A Subaru inji yana gaba, giyabos yana bayansa. A Bitil an juya: giyabos a gaba, inji a can ƙarshen mota. Idan ka ɗauko giyabos ɗin Subaru ka juya shi haka kawai, za ka samu giya biyar na ribas da guda ɗaya na gaba. Ba wasa nake ba, haka lissafin yake. Dole a buɗe shi a sa manyan haƙoran nan biyu masu miƙa juyi zuwa taya, waɗanda aka yanka a juye. Wani kamfani a Ostireliya mai suna Subarugears ne ya shahara da ƙera su, kuma da kuɗin waje za ka saya. Yawancin giyabos ɗin Subaru na taya huɗu ne, sai an kulle mafitar baya an mayar da shi na taya biyu. Bayan haka ka leƙa ƙarƙashin motarka. Idan aksul ɗin baya irin mai lilo ne, wato bututu ɗaya daga giyabos zuwa taya, kamar yadda yake a yawancin Bitil na gargajiya, giyabos ɗin Subaru ba zai zauna ba sai an mayar da ƙafar baya irin mai shaf da gaɓa biyu, kamar ta Bitil samfurin 1302 da 1303. Aikin walda ne a kan ƙashin bayan mota, kuma kuskuren milimita kaɗan sai ta riƙa cin taya har abada. Wasu suna barin giyabos ɗin Bitil su haɗa shi da injin Subaru. Yana tafiya, amma an yi shi ne don ƙarfin doki 50, kuma naka ma da yake tofar da lamba huɗu ya riga ya gaji.

A hanya ta farko, giya huɗu ce dai, amma akwai zaɓi mai daɗi. Giyabos ɗin 1300 rabonsa na ƙarshe, wato sau nawa shaf ɗinsa ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, 4.375 ne, na 1500 da 1600 na farko-farko kuma 4.125. A gudun kilomita 100 da tayar asali, na farko yana juya inji kusan sau 3,300 a minti, na biyu kusan 3,100. Ƙarar ta ragu, shan mai ya ɗan sauka. Kada ka bari a ruɗe ka da wanda ya fi haka tsawo don neman gudun babbar hanya. Fankar da ke sanyaya injin Bitil da juyin injin take tafiya. Idan ka sa shi jan nauyi a ƙaramin juyi, iska ta ragu alhali zafi na ƙaruwa. A Jamus wataƙila a sha da hakan. A hanyar Gusau zuwa Sakkwato cikin watan Afrilu ba za a sha ba.

To ga zafin nan, wanda na san shi ne babban dalilin bakanikenka na biyu. Ana yawan cewa injin iska ba ya jure ranarmu. Motar da aka harhaɗa a Legas tun 1975, aka yi ta ƙerawa a Brazil, aka ci gaba da yin ta a Meziko har 2003, ba baƙuwar rana ba ce. Abin da ke kashe ta a hannunmu sakaci ne. Lokacin da na karɓo tawa daga wani gareji, ta yi ta zafi, har warin ƙonannen mai nake ji kafin in kai Kwanar Dangora. Na buɗe baya na duba da fitilar waya, sai ga kwalta ina hange ta gefen injin. Yaron da ya ɗaura ya bar ƙananan kwanonin da ke kewaye da silinda a ƙasa, ya ce ba su da amfani, robar da ke rufe tsakanin inji da bodi kuma ta ruɓe bai sa wata ba. Wato iskar zafin da ta fita ta ƙasa ita fanka ke sake zuƙowa. Na koma na tsince kwanonin ɗaya bayan ɗaya a cikin tarin ƙarafa, aka wanke aka mayar, aka sa sabuwar roba. Tun ranar ban ƙara jin warin ba. Idan za ka gina 1600, ka nemi gidan fanka irin na 1971 zuwa sama, wanda aka fitar da mai sanyaya baƙin mai waje. A tsohon ƙira yana tare wa silinda ta uku iska, shi ya sa bawul ɗinta ke fara ƙonewa. Ka riƙa juye mai duk kilomita 5,000 ko ƙasa da haka lokacin hunturu, lita biyu da rabi ne kawai kuma injin ba shi da filta sai rariya. Bawul a saita shi 0.15 da inji a sanye. Jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, domin fanbel ɗin da ke juya dainamo shi ke juya fanka.

Subaru ba ya tsira daga zafi, matsalar ce ta sake kama. Bitil ba ta da hancin shan iska. Lagireto sai dai a kai shi gaba, mazaunin safaya, a huda bodi, a ja bututun ruwa biyu tsawon motar ta ƙarƙashi. Iska ta maƙale a cikin bututun, inji ya tafasa. Abokina sau biyu yana sauya mazaunin lagireto kafin allurar ta zauna, kuma safayarsa yanzu a kujerar baya take kwana. In kuma EJ25 na Subaru, mai lita 2.5, aka kawo maka, ka sani an san shi da ƙona gasket.

Birki ba zan ja shi ba. Da 1600, birkin dirom mai sabbin kaya ya wadatar, na diski a gaba ƙari ne mai kyau. Da Subaru diski wajibi ne, da tayoyi masu kyau, domin nauyin motar a baya yake, kuma aksul mai lilo yana naɗe taya ciki idan aka sha kwana da gudu.

Wani zai ce me zai hana injin Golf, tunda ga shi birjik a Ƙofar Ruwa da Panteka, kowane bakanike kuma ya san shi. Ta fuskar kayan gyara ya fi Subaru sauƙi a Arewa nesa ba kusa ba. Amma a tsaye yake, dogo ne, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, duk nauyin a bayan taya. Murfin baya ba zai rufu ba sai an yanka, giyabos ɗinsa da ke zama a gicciye ba ya shiga, kuma duk wahalar lagireto tana nan.

Kayan injin iska sun yi ƙaranci a kasuwanninmu, ban musa ba, sai an tona ko a aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas. Amma an ƙera Bitil sama da miliyan 21, har yau ana yin sabbin fistan, silinda, bawul da gasket ɗinta a waje, kuma ƙanana ne masu sauƙin aikowa. Injin da babu kwamfuta a cikinsa, da sifana da sukudireba za ka lallaɓa shi a bakin hanya. Wahalar da ta fi ita ce samun dattijon bakanike da ya yi zamanin motar. Suna nan, ka tambayi tsofaffin direbobin tasha.

Ni dai da motar Baba ce a hannuna, 1600 zan gina a kan gangar injinta, in sa giyabos mai 4.125 ko a buɗe nata a gyara, in bar bodin ba yanka. Duk abin da ka yi a wannan hanya ana iya kwance shi gobe. Ƙarfen da aka yanke don lagireto kuwa ya tafi, ƙarar nan da kuke ji tun daga bakin layi ku san Baba ya dawo ita ma ta tafi. Idan gudu kake sha'awa, kuma kana da aljihu da haƙurin shekara guda, ka sayi wata Bitil da bodinta ya riga ya lalace ka yi Subaru a kanta, zan zo in taya ka.

Kafin ka kashe ko sisi a kan inji, ɗaga kujerar baya. Batir yana nan a dama, kuma ƙasansa ne tsatsa ke fara ci. Ka caka sukudireba a nan da kuma ƙasan ƙofofi biyu. Lambar shasi tana kan tudun tsakiya a wurin. Tiyon mai duka a sauya su kafin a yi gwajin tayarwa, domin tsohon tiyo a kan inji mai zafi shi ne ya ƙone Bitil da yawa. Ka turo mana hoton lambar shasin, da na ƙafar baya ta ƙasa, da lambar da ke jikin injin ƙarƙashin dainamo, sai mu san ainihin abin da Baba ya bar maka.