Taskar Glen ta laburaren Sikotland: wai wa ya ƙirƙiri kiɗan?

Duk mai sauraron kiɗan gogen Sikotland ya san abin haushin nan, ka ji kiɗa ya ratsa ka, ka duba mai shi sai ka ga an rubuta wai na gargajiya ne, shi ke nan. To babban laburaren ƙasar da ke Edinbara ya ɗora tsofaffin littattafan kiɗa da John Glen ya tara a intanet, kyauta, kuma gaskiya sun kyauta.

Amfaninsa a wurina ɗaya ne, kana ganin shafin asali da idonka, sai ka gwada wa ya riga wa buga kiɗan a littafi. Shi Glen ɗin ma aikin da ya yi ke nan, a littattafansa na 1891 da 1895 ya bi diddigin kaɗe-kaɗen har ya zargi gidan Gow da ɗaukar na mutane. Niel Gow na Inver kusa da Dunkeld, wanda ya rasu a 1807, babu mai musun gwanin goge ne, amma ɗansa Nathaniel da ke harkar buga littattafan a Edinbara shi ake nuna wa yatsa, a ɗauko kiɗan wani a sauya masa suna a buga ba a ambaci mai shi ba. William Marshall na Fochabers, mai ƙirƙirar kiɗan goge kuma ma'aikacin gidan basarake Duke na Gordon, ya koka a littafinsa na 1822, kuma abin mamaki ba bugawa ba izini ne ya fi ƙona masa rai ba, sauya sunayen ne. Ni dai ina ganin an ɗan matsa wa Nathaniel, a zamanin kowa yana raɗa wa kiɗa sunan matar wani mai kuɗi don ta sayi littafi, amma laifi laifi ne.

Sai dai fa ka shirya, hotunan shafuka ne, babu sauti, in ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba sunaye da shekaru kawai za ka tsinta. Bugun ma tsoho ne, harafin s yana kama da f. Kuma wanda ya fara bugawa ba lallai shi ya ƙirƙira ba, da yawa sun daɗe a hannun makaɗa kafin Robert Bremner, mai buga littattafan kiɗa, ya fara fitar da nasa a 1757. A kwamfuta ya fi daɗin dubawa, waya sai ka yi ta zuƙowa.