Hattara da wayar wuta mai rigar jan ƙarfe

Masu gini da masu shirin yin wayarin, ku buɗe ido. Akwai wani da ke tallar wayar wuta a Facebook da WhatsApp, wai kayan gwanjo ne daga kwantena, zallar jan ƙarfe, a kusan rabin kuɗin kasuwa. Ƙanin matata ya tura kuɗin naɗi shida na waya mai lambar kauri 2.5, aka aiko masa a mota, ya kira ni in ja masa. Ina ɗaga naɗin farko na ji shi sakayau. Na fere robar, na kankare silin da wuƙa, sai ga fari fat a ciki. Alminiyom ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. Lambar mai kayan kuwa tun ranar a kashe take.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Alminiyom wajen kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka kawai yake iya ɗauka, ga shi yana saki a bakin soket idan an ɗaure shi da sukuru. Ka jona hita ko dutsen guga, wayar ta ɗau zafi a cikin rufin ɗaki ba wanda ya gani, har robar ta narke. Gobara ta tashi cikin dare, a ce wutar NEPA ce ta zo da ƙarfi.

Kafin ka biya, sa a yanko maka taƙi guda daga naɗin da za ka ɗauka, ba wanda aka ajiye don nuni ba. Kankare shi. Kunna masa laita: siririn silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, don sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa, alminiyom kuwa a 660 ya langaɓe. Kara masa maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne a ciki. Sannan ka jinjina naɗin, jan ƙarfe ya ninka alminiyom nauyi sau uku da ɗoriya.

Na ce wa yaron ya daina jin kunya, manya ma an yi musu. A 2020 kamfanin Mercuria na Suwizalan ya sayi jan ƙarfe na dala miliyan 36 daga Turkiyya, da aka buɗe kwantenonin a Sin sai duwatsun daɓe da aka fesa wa fenti.

Naɗin shidan suna shagona. Duk mai son gani da idonsa ya zo da wuƙarsa.